Sojan da Aka Turo Damagaram: Bariki, Cikin Gari, Sabbin Unguwanni ko Mirya?

Takardar afektasiyo, wato ta canjin wurin aiki, ta fito, sunanka na ciki, Zinder za ka, wato Damagaram. Daga Yamai wajen kilomita 900 ne, daga Maradi sama da 200, daga Diffa ya haura 450. Duk inda ka fito, tafiyar ba ta je-ka-dawo ba ce. Kwanakin da ake bayarwa na kwashe kaya kuwa ba su da yawa, shi ya sa da dama ke kama gidan farko da dillali ya nuna masu. Fenti sabo ne, tsakar gida da faɗi, kuɗin haya da sauƙi, sai a zube abansin wata uku a miƙa hannu a karɓi makulli. Ranar da pampo ya yi shiru a watan Afrilu, ko ranar da ruwa ya cike hanya a watan Agusta, ranar ake gane abin da aka saya.

Gidan soja ba a auna shi da ranar da komai ke tafiya daidai. Da ranaku biyu ake auna shi: daren da waya ta yi ƙara ƙarfe biyu aka ce kowa ya hallara, da watannin da kake misiyo a daji, iyali na gida su kaɗai. Gidan da ya ci waɗannan biyun, sauran duk mai sauƙi ne.

Abin da za a auna

Na farko ruwa, kuma a Damagaram babu abin da ke gabansa. Garin a kan dutse yake zaune, irin dutsen nan mai tauri da kake gani jibge a Birni, don haka rijiya a cikin gari ba abin dogaro ba ce. Ruwan pampo daga nesa ake turo shi: daga Gogo da Machaya ta kudu, daga Arunguza da Ganaram ta arewa. Mutanen gundumomi biyar na birnin sun haura 320,000 tun a ƙidayar 2012, garin kuma bai daina faɗaɗa ba. Sakamakon shi ne unguwa biyu da ke maƙwabtaka za su iya bambanta kamar dare da rana: wannan tana samun ruwa kowane dare, waccan sai an kwana biyu ko uku, don tana kan tudu ko tana ƙarshen bututu. Kada ka tambayi mai gida, kada ka tambayi dillali. Matan maƙwabta za a tambaya, ko ƴan garuwan layin: ƙarfe nawa ruwa ke zuwa, kwana nawa yake ɗaukewa da bazara, nawa bido yake kaiwa a watan Mayu. Idan ka ga bidoni rawaya jere a ƙofar kowane gida da tsakar rana, ka riga ka sami amsa.

Ga lissafin da ya sa na ce ruwa ne kan gaba. Gida mai mutum shida, da sha da girki da wanka da wanki, a lokacin zafi yana cin kamar tano guda a rana, lita 200 ke nan, wato bido takwas na lita 25. A ce bido ya kai dala ashirin a wurin mai garuwa. Dala 160 a rana, jikka 24 a wata. Gidan da aka rage maka jikka goma a haya saboda ba ya da pampo, ka ga ba rangwame aka yi maka ba.

Na biyu hanya, kuma da mintoci ake auna ta, ba da kilomita ba. Zinder ce hedikwatar yankin tsaro na uku, kuma Barikin Tanimun, tsohon sansanin Faransawa da suka kira da sunan Kazmaju, a cikin gari yake, kusa da Birni. Amma jandarma da dakarun tsaron ƙasa da masu aiki a filin jirgi kowa da ƙofarsa. Daga ƙofar da kai kake shiga za ka auna. Ka hau moto ka bi hanyar sau biyu, da sassafe a lokacin da za ka riƙa fita rasambulma, wato hallarar sojoji ta safe, sannan da dare. Ka ƙidaya mita nawa ne rairayi kafin ka hau gudro, ka duba inda ruwa ke kwanciya. Kafin duk wannan, ka ji daga bakin shugabanninka iyakar nisan da aka yarda soja ya zauna. Babu amfanin biyan abansi a wurin da za a ce maka ka tashi.

Na uku, iyali idan ba ka nan. Uwargida za ta iya kai yaro likita ƙarfe ɗaya na dare ba tare da kai ba? Akwai kabu-kabu ko adaidaita a layin a wannan lokaci? Lakwal na kusa, ko sai yara sun tsallaka babbar hanya? Akwai maƙwabcin da za a buga wa ƙofa? Ga mace soja tambayar ta fi nauyi, domin ranar da take gadi dole a sami wanda zai kwana da yara.

Na huɗu, kuɗin wata gaba ɗaya: haya, ruwa, kuran, esansi, gyaran moto, kuɗin kai yara lakwal. Na biyar, ƙarfin ginin. Na shida, sauƙin fita, don wata afektasiyon na iya zuwa kafin shekara ta zagayo.

Gidan bariki

Ta fuskar hanya babu mai kama ƙafarsa. Da ƙafa kake zuwa aiki, kiran dare ba ya tayar maka da hankali, esansi ya huta. Idan ka tafi misiyo, iyalinka na cikin mutanen da suka san abin da hakan ke nufi: matan abokan aiki na leƙowa, likitan bariki na kusa, labari na gaskiya yana isa kafin jita-jita. Ga wanda ya zo da amarya ƴar wani gari da ba ta san kowa a Damagaram ba, wannan ya fi kowane siminti daraja.

Aibinsa kuwa sananne ne. Gidajen ba su isa kowa ba, ana bin layi, ana duba girma da yawan iyali. Ɗakuna ƙanana ne, mai mata biyu ko yara bakwai zai sha matsi. Sirrin gida da wuya ya ɓuya, faɗan yara kuma kan iya zama maganar manya, har ta kai gaban wanda ya girme ka a aiki. Wanda ke kusa shi ake fara kira, ko da ranar hutunsa ce. Baƙi daga ƙauye sai sun bi ƙa'idar ƙofa, uwargida mai sana'ar sayar da abinci ko ɗinki kuma kasuwarta ta tsaya ga mutanen ciki. Ka tambayi ofishin albashi tun da wuri ko karɓar gidan na taɓa wani abu a cikin kuɗinka. Ko da ba ka da niyyar zama, ka sa sunanka a layi ranar da ka iso. Ba ka yi asarar komai ba.

Birni da Zango

Su ne tsoffin unguwanni. Birni na kewaye da fadar Sarkin Damagaram, Zango kuma unguwar fatake ce tun zamanin ayarin Agadas. Kusa suke da komai: kasuwar Dole, babban asibitin ƙasa, tasha, masallatai, makarantun allo da na boko. Haya ta fi sauƙi, yawanci ɗaki da salo ne a gidan da ake zaune da wasu. Idan ruwa ya ɗauke, ƴan garuwa suna da yawa kuma ba sa yin nisa, don haka farashinsu bai kai na bayan gari ba. Tsaronsu na ido ne: baƙo ba ya shiga lungu ba a san da shi ba, mai unguwa kuma ya san kowane gida.

Wurin da za ka buɗe ido shi ne ginin. Gidan ƙasa ya fi kowane sanyi da bazara, wannan gaskiya ne, amma yana son yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, mai gidan haya kuwa ba kullum yake yi ba. Damunar 2024 ta nuna abin da ruwa ke iya yi: a farkon Satumba tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya rushe. Kafin ka karɓi gidan ƙasa ko wanda aka shafe da siminti a waje, ka durƙusa ka duba gindin bango. Idan akwai layin danshi, ko farin gishiri, ko simintin ya kumbura yana ƙara kamar ganga idan ka ƙwanƙwasa, ruwa na cin bangon daga ciki. Ka ɗaga kai ka duba azara: idan ta lanƙwashe a tsakiya, ko gari na zubowa daga ƙananan ramuka, gara ta shiga. Ka hau soro ka ga indararo, ko a toshe yake, ko yana zuba a gindin bangon. Sannan ka tsaya a bakin ƙofa ka duba wanne ya fi tudu, daɓen ɗaki ko hanya. A tsoffin unguwanni hanya takan taso a hankali saboda shekaru, gida ya koma rami.

Sauran matsalolin: mota ba ta shiga yawancin lunguna, moto kuma sai an sami zauren da zai kwana. Kwantar kuran da ta ruwa guda ce ga kowa, ranar rabon faktir kuwa ita ce ranar ɓacin rai, musamman idan kai kaɗai ke da firigo. Makewayi ma na tarayya ne. Kuma kowa zai san ranar da ka tafi da ranar da ka dawo. Wannan rufin asiri ne ga iyali, amma yana son bakin gida ya kasance a rufe game da inda aka tura ka.

Sabon Gari da tsakiyar gari

A nan bankuna suke, da ofisoshin da ke wurin tun zamanin da Zinder ke babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Ginin siminti ne, gudro ko pabe na kusa, gida naka kai kaɗai da kwantarka. Minti kaɗan ne zuwa aiki, rani da damuna. Abu ɗaya ke korar mutane, shi ne kuɗi, domin ma'aikatan ƙungiyoyi da na matatar mai ta SORAZ da manyan ƴan kasuwa duk nan suke nema, masu gida kuma sukan nemi abansin watanni da yawa. Ga ofisa ko babban su-ofisa mai mota, shi ne zaɓin da ba ya da ciwon kai. Ga ƙaramin soja, hayar da ta haɗiye fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashi bashi ce da ke jiran lokacinta. Tsoffin gidajen nan a duba wayoyin kuran da rufin dal ɗinsu, don tsagewar da ba a gani da rani takan zama yoyo a kan gado da damuna.

Sabbin unguwannin gefen gari

Nan ne zuciyar yawancin masu iyali ke karkata, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ta kowace fuska gari na miƙewa: hanyar Tanut ta arewa, hanyar Takeita ta yamma, hanyar Mirya ta gabas, hanyar Magarya ta kudu. Da kuɗin ɗaki biyu a tsakiyar gari za ka sami ɗaki uku da salo da tsakar gidan da za a ɗaure rago, ga iska, ga shiru. Amma "sabuwar unguwa" ba abu ɗaya ba ce. Akwai wadda ta cika, bututu da turakun kuran sun iso, shaguna sun buɗe, masallaci na cika da asuba. Akwai kuma wadda gida ɗaya ne a tsakiyar kangaye goma. Ta farko zaɓi ce mai kyau, ta biyu kuwa ba wurin da soja zai bar iyali ba ne, komai kyan gidan.

Hanyar gane su ba ta da wuya. Ka tsaya a ƙofar gidan bayan sallar isha'i ka ƙidaya gidajen da ke da haske da motsin mutane. Idan a cikin gida goma mafi kusa ba a kai shida ba, ka wuce. Kango maɓoya ce, kuma ihu ba ya kai wa kowa. Ka buɗe pampo da kanka. Ganin kan pampo a tsakar gida ba shaida ba ce, don akwai inda aka ja bututu amma ruwan ba ya da ƙarfin hawowa sai ƙarfe uku na dare, ko ba ya zuwa sam daga Maris zuwa Yuni. Ka nemi faktir uku na ƙarshe na kamfanin ruwa, wato NDE da ta gaji SEEN a farkon 2024, ka ga mita nawa aka sha. Faktir da ke nuna kusan sifiri a gidan da mutane ke ciki ta gaya maka komai. Idan ruwan na zuwa da dare kawai, ana iya zama, da sharaɗin tanadi: tanki na lita 1,000 yana riƙe gida mai mutum shida kwana biyar. A ɗora shi a kan daɓe, a rufe shi, a yi masa inuwa, a riƙa wanke shi.

Kuran ma haka. Gidan da ke ƙarshen layi mai nisa da taransifo yana samun wuta mai rauni da yamma, fanka na juyawa kamar ba ta so, firigo na ƙugi har injinsa ya ƙone. Ka je da magariba ka kunna fitila da fanka ka gani. Wayar da aka jawo daga maƙwabci a kan itatuwa ba kuran ba ce, haɗari ce. Yankin Damagaram ya daɗe yana dogaro da layin da ke zuwa daga Najeriya, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga lokacin da aka yanke shi a Agustan 2023. Ƙaramin sola da batir da zai ɗauki fitila uku da fanka da cajin waya ba ado ba ne ga wanda ake kira ta waya da dare.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40. Rufin kwano da babu palafo yana mayar da ɗaki tanda da rana, amma yakan huce da dare. Dal kuwa yana tara zafi ya sake shi bayan rana ta faɗi. Ko wanne ne, iyali a waje za su kwana wata biyu, don haka katangar gida ta zama doguwa, ƙofa ta ƙarfe, tsakar gida a daɓe saboda kunama. Ɗakin da bangonsa ke kallon yamma kada ya zama na yara. Abu na ƙarshe da ake mantawa: ramin masai. Inda dutse ke kusa da sama ba a iya zurfafa shi, yana cika da wuri, da damuna kuma ya tumbatsa. Ka tambaya yaushe aka kwashe shi, wa kuma ke biya.

Hanya ita ce ragowar magana. Kilomita shida daga bariki ba nisa ba ne idan biyar da rabi gudro ne. Idan biyu daga ciki rairayi ne, da rani moto na rawa, sarƙa na cin ƙasa, da damuna kuma tafki na iya tare ka ka zagaya ta nesa. Duk gidan da hanyarsa guda ce kuma ta ratsa kwari, a bar shi.

Mirya da garuruwan kusa

Mirya na da kilomita 18 gabas da Zinder a kan babbar hanyar Diffa. Gari ne mai lambuna da inuwa, da kasuwar Lahadi, da asibitin gunduma. Haya da cefane sun fi araha, zaman kuma na natsuwa ne. Amma a yi lissafi. Zuwa da dawowa kilomita 36 ne, a kwana 26 ya zama 936. Moto mai cin lita uku a kilomita 100 zai sha kamar lita 28. A farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, jikka 14 ke nan. Ƙara juyen mai kusan kowane wata, da taya da sarƙa da ke ƙarewa da wuri. Idan za ka koma gida cin abincin rana, ka ninka. Rangwamen haya ya tafi a hanya.

Kuɗin ma ba shi ne babba ba. Babbar hanya ce ta manyan motoci, ana bin ta da asuba cikin hazo da hunturu, ko bayan gadin dare ido na lumshewa. Ga dabbobi da amalanke marasa fitila. Taya ta fashe ƙarfe biyu na dare, babu mai faci. Ra'ayina a nan a fili yake: sojan da ke cikin rukunin da ake kira kowane lokaci kada ya kwana a Mirya. Inda take da amfani shi ne ga wanda danginsa ko na matarsa ke can. Sai iyali su zauna cikin dangi, shi ya riƙe gado a bariki, ya riƙa zuwa idan ya sami hutu.

| | Bariki | Birni, Zango | Tsakiyar gari | Sabbin unguwanni | Mirya |
|---|---|---|---|---|---|
| Haya | mafi sauƙi | da sauƙi | da tsada | matsakaiciya | da sauƙi |
| Ruwa | a tambayi mazauna | garuwa na kusa | ya fi dama | sai an gwada | ya danganta da unguwa |
| Kiran dare | da ƙafa | minti kaɗan | minti kaɗan | gwargwadon rairayi | da haɗari |
| Gini | tsoho, ƙarami | yana son kulawa | mai ƙarfi | sabo, aikin ya bambanta | gauraye |
| Iyali su kaɗai | da kwanciyar hankali | cikin jama'a | da kyau | sai unguwa ta cika | da kyau idan da dangi |
| Kuɗin hanya | babu | kaɗan | kaɗan | matsakaici | da yawa |

Abin hawa

Keke ya ishi wanda ke kilomita biyu ko uku a kan gudro. Kabu-kabu da adaidaita na iyali ne da rana, ba abin da soja zai jingina aikinsa a kansu ba, don ƙarfe biyar na asuba a bayan gari ba a samun su. Moto shi ne dokin yawancin mutane. Ka ɗauki wanda kayan gyaransa ke kowane lungu, irin su Haojue ko Kasea, ba wanda sai an aiko da kaya daga Kano ba. A juye mai duk kilomita 1,000 zuwa 1,500. Da hunturu a kakkaɓe matatar iska kowane mako, domin ƙura ce ke cinye fistan. Sarƙa kada a cika mata maiƙo, rairayi na mannewa ya zama kamar magagari: a wanke ta da gazuwal, a ɗiga mai kaɗan. Hular kwano, fitila mai kyau, da takardu cikakku. Tanki kada ya kwana ƙasa da rabi. Mota na da amfani ga mai yara da yawa a lakwal daban-daban, amma tana cin esansi ninki uku na moto ko fiye, tana kuma son gida mai gareji da layin da ba za ta kafe ba.

Kafin ka miƙa kuɗi

A rubuta yarjejeniya, ko da mai gidan dattijo ne mai mutunci, da shaidu biyu, a buga mata hatimi a meri ko kwamisariya. A rubuta kuɗin wata, adadin abansi da na ajiya, da wanda ke gyaran rufi da kwashe masai. Layin da ya fi kowane muhimmanci ga soja shi ne wannan: idan afektasiyo ta zo, sanarwar wata ɗaya ta isa, kuma za a mayar da ragowar abansi. Kada abansin ya wuce wata uku idan da hali. Kuɗi a hannun mai gida ake sa su, ba a hannun dillali ba, shi ladansa daban, a kuma yanke shi tun kafin a fara yawo. Ka ɗauki hoton lambobin kwantar ruwa da ta kuran ta NIGELEC ranar shiga, ka tabbata babu tsohon bashi. Ranar da kaya suka sauka, ka je ka gaida mai unguwa da limamin layi, ka ce masu, "Baba, ga iyalina nan amana, ni aikina na tafiya ne." A Damagaram wannan gaisuwar tana aiki.

Idan da hali, ka riga iyali zuwa da wata guda, ka kwana a bariki, ka nemi gida a natse. Wanda aka turo da damuna ya yi sa'a, zai ga hanya a mafi munin halinta. Wanda ya zo da bazara zai ga gaskiyar pampo. Wanda ya zo da sanyi kuwa komai zai yi masa kyau, don haka shi ya fi kowa bukatar tambayar maƙwabta. Masu yara su yi ƙoƙari a kwaso iyali kafin komawa lakwal a watan Oktoba, da takardun canjin makaranta a hannu.

Wa ya dace da ina

Saurayi ko wanda bai kawo iyali ba, bariki, ko ɗaki guda kusa da ƙofa, ya tara kuɗinsa. Sabon ango da amarya baƙuwa, da wanda ke yawan fita misiyo, da mace soja mai ƙananan yara: bariki idan an samu, in ba a samu ba gida cikin jama'a a Zango ko Birni, mai gindin bango busasshe. Mai yara biyar ko shida da moto mai lafiya, sabuwar unguwar da ta riga ta cika, wadda rairayinta bai wuce mita ɗari biyar zuwa gudro ba, da tanki tun ranar farko. Ofisa mai mota da yawan baƙi, tsakiyar gari. Mai dangi a Mirya ya kai iyali can, shi ya zauna kusa da aiki. Wanda kuma yake da mara lafiya a gida, ko mace mai tsohon ciki, ko tsohuwa da ke tare da shi, ya ajiye maganar faɗin tsakar gida, ya auna mintoci daga ƙofar gidan zuwa babban asibiti da cibiyar kula da uwa da yaro, ya kama mafi kusa da aljihunsa zai ɗauka.